Zuwa ga Rahila, a Kan Abin da Nasiru Ya Gada

'Yata Rahila,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kin isa Legas lafiya, kin sami ɗaki mai taga, kuma ruwan can bai juya miki ciki ba. Mamanki tana gaishe ki. Allah ya tsare fitarki da shigarki.

Kafin komai, wajibi ne in sanar da ke, cikin alhini, cewa hannun gem ɗina na biyu, abin da nake riƙewa in buga wasa a talabijin, wato baƙin nan mai ɗaurin salatif, ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da yamma, bayan doguwar jinya. Na kai shi wurin mai gyara a kasuwa, ya jijjiga shi kusa da kunnensa, ya miƙo mini, ya ce in yi haƙuri. Mamanki ta karɓi labarin da ƙarfin zuciya, har ta tambaya ko ɗan'uwansa yana da niyyar bin bayansa.

Na fara da wannan ne domin ɗaya maganar ta fi nauyi. Kin bar gidan nan ban ɗora hannu a kanki ba. An taru a falo ana gobe za ki tafi, gwaggonninki sun zo, Dattijo Markus ya zo daga ikilisiya, an ci faten acca, an yi waƙa. Kika durƙusa a kan tabarma kamar yadda kowane ɗa a zuriyarmu yake durƙusawa kafin ya yi nisa, kamar yadda na durƙusa wa ubana ranar da zan tafi kwalejin horon malamai. Kowa ya rufe ido yana jirana. Ni kuwa na ce Dattijo ya yi addu'ar, domin ba zan roƙi Allah ya sa albarka a kan tarko ba. Tun ranar ba ki ɗauki wayata ba. Shi ya sa na koma takarda, zan ba Ayuba direba idan zai kai doya.

Abin da ya jawo haka kin sani. Gwaggonki Ladi ta tambayi irin aikin da kika samu, kika ce kamfanin yana yin wasannin waya ne na kyauta, kuma teburinki shi ne shagon da ke cikin wasan: me za a sayar, nawa, kuma a wane lokaci za a nuna wa mutum. Daga nan na buɗe baki na yi ta lacca, har faten ya huce. Abin da ba ki sani ba shi ne dalilin da ya sa laccar ta zama cizo. Shi zan gaya miki, amma ki yi haƙuri da ni, malamin makaranta ba ya iya zuwa ga magana sai ya zagaya allo.

Na fara gem ne a kwatas ɗin reluwe, ina sabon malami, a gidan wani ma'aikacin jirgi da ya sawo wa 'ya'yansa na'ura daga kudu. An ɗauke ni in koya musu Turanci, na ƙare su suke koya mini tsalle. A lokacin ciniki a fili yake. Ka ba da kuɗi, a ba ka kaset, ka sa a aljihu ka tafi gida. Idan ya ƙi kamawa ka hura masa iska ka sake sawa. Idan ka gaji da shi ka kai wa maƙwabci ku yi musaya. Ko ƙaryar da ke jikinsa ƙarya ce mai mutunci: a rubuta wasanni dubu, ka kunna ka tarar 'yan kaɗan ne suke ta canja riga. Ka san an cuce ka, ka san iyakar cutar, kuma ba wanda zai dawo gobe ya ƙara. Da aka buɗe gidajen gem a gari, su ma tsarinsu na da kyau: wasa ɗaya, kuɗi ɗaya, wanda aka ci shi ke biya. Na karanta littattafan tattalin arziki fiye da yadda lafiyata ta buƙata, har yau ban ga tsarin da ya kai wannan adalci ba.

Sai masu wayo suka zo. Aka fara sayar da wasa rabi, sauran rabin sai ka sake biya, kamar ka sayi akuya a kasuwar Kachia, ka ja ta ta ƙi tafiya, mai ita ya ce ai ƙafafu daban ake saye. Bayansa aka kawo kuɗin wata, ka biya ka yi wasa, ka fasa biya a rufe ƙofa, ko da kana tsakiyar yaƙi. Daga ƙarshe aka kawo kyauta. A duk abin da na taɓa saya a rayuwata, babu wanda ya kai wannan kyautar tsada.

Na tuna amsar da kika ba ni a gaban mutane, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Kika ce, "Baba, duk kaset ɗin nan da kake yabo, akwai wanda kuɗinsa ya taɓa kaiwa ga wanda ya yi wasan?" Babu. Duk kwafi ne, har na cikin kwalin da ke ƙarƙashin gadona. Kika ce kamfaninku ya taɓa gwada sayar da wasa kai tsaye, mutane kaɗan suka saya, sauran suka yi ta tura wa juna a waya, kuma masu zane da masu rubuta wasan su ma suna cin abinci. Gaskiya ne. Irina ne muka koya wa masu wasa cewa ba za mu biya a ƙofa ba, sai suka koma tsare mu a cikin ɗaki. Wannan kam ina da kaso a ciki. Amma sanin inda ciwo ya samo asali bai mai da shi lafiya ba.

Kin tuna wasan gonar nan da na yi ta yi a waya lokacin kina jami'a? Ka shuka tumatir, ka jira, ka girbe, ka sayi kaza. Da farko tumatir yana nuna kafin in gama shan shayi. Da tafiya ta yi nisa sai ya koma kwana da wuni, sai dai in sayi taki. Takin kuwa ba da naira ake saye ba, da wasu duwatsu masu ƙyalli, su duwatsun ne ake saye da naira, kaɗan-kaɗan, yadda ba ka jin fitarsu. Wata rana a farkon damina babanki ƙarami Bulus ya zo daga Kagoma a kan babur, yana neman in taimaka da kuɗin taki na gonar cittar da ubanmu ya bar mana. Na ce masa albashi bai shigo ba. Ban yi ƙarya ba, bai shigo ba, amma ban gaya masa inda ragowar na baya ya tafi ba. Muna zaune sai wayar ta yi ƙara, tumatir ya nuna. Ya leƙo ya ga gona kore shar, da tarakta, da rumbuna a jere, ya tambayi ta waye. Na ce tawa ce. Ya daɗe yana kallo, ya shanye ruwansa, ya ce, "To, Yaya, Allah ya ba da amfani." Ya hau babur ɗinsa. Shekarar nan bashi ya ci ya sa takin, kuma bai sake kawo mini maganar gona ba.

Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Amma wani ya zauna a tebur, irin wanda aka ba ki, ya auna daidai inda haƙurin mutum yake ƙarewa, ya kafa shago a wurin. Don haka ga abin da nake roƙo. Idan za ki sa farashi, ki sa shi da naira, kada ki ɓoye shi a bayan duwatsu da furanni. Ki bar mutum ya ga duka abin da ya kashe tun farko a wuri ɗaya, ko da ganin zai sa ya ajiye wayar. Kuma kada ki yi wasan da ke hukunta mutum don ya je jana'iza. Lokacin da kakarki ta rasu na dawo daga ƙauye na tarar kajina na waya sun mutu da yunwa, aka ce in biya a tashe su. Na biya, Rahila. Ko a ikilisiya ba a taɓa yi mini tayin tashin matattu da sauƙi haka ba.

Wannan kuskuren ni da Bulus ya ci. Wanda zan faɗa yanzu ɗan wani ya ci, kuma shi ne ban taɓa gaya miki ba.

Kin san Alhaji Garba, dillalin citta, wanda yake ba ki dabino kina ƙarama. Kakanninsa a kasuwar garin nan suka tsufa. Abokina ne tun kafin a haife ki, kuma gem ne ya haɗa mu. Kowace Asabar da rana muna bayan sitonsa, a tsakanin buhuna, ƙamshin busasshiyar citta yana sa mu atishawa, muna buga ƙwallo a talabijin. Kullum shi ke ɗaukar ƙungiya mai ƙarfi, ya ce sa'a ce ta ba shi. Idan ya ci ni sai ya ce, "Tica, a koma makaranta." Ko a shekarun da garin nan ya rabu biyu, kowa ya san layin da ba zai bi ba, Asabar ɗinmu ba ta fasa ba sai in an hana fita.

Alhaji yana da kwali cike da faya-fayan gem, na asali, domin shi ba ya sayen kwafi, ya ce hakkin wani ne. Ni na sa ya rabu da su. Na karanta a wasu mujallu cewa zamanin faifai ya wuce, sai na zauna na yi masa wa'azi: faifai yana karcewa, yara suna ɓatarwa, ɓarawo yana ɗauka, amma wasan da ka saya a cikin na'ura yana nan a asusunka har abada. Ya ce, "Tica, abin da ban riƙe a hannu ba, ta yaya ya zama nawa?" Na yi masa dariya, na ce haka kakanninmu suka ce game da banki. Ni na buɗe masa asusun da lambar wayarsa. Ya sayar da kwalin ga wani mai gidan gem a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba, ya koma saye a cikin na'ura. Alhaji kuwa mutum ne mai buɗaɗɗen hannu, duk wasan da ya fito sai ya saya, ko ba zai buga ba. Haka aka yi shekaru.

Da ya rasu, bayan an share makoki, aka zo rabon gado. Yayan Alhaji ya aiko a kira ni, domin babu wanda ya san darajar na'urar. Na tarar da su a zaure, 'ya'yansa maza a gefe, da malamin da zai raba. An riga an yi wa gida kuɗi, da sito, da buhunan da suka rage, da babur. Malamin ya tambaye ni abu ɗaya, ko abin da ke cikin na'urar nan dukiya ce da za a iya sayarwa. Na ce ƙwarai kuwa. Ban sani ba, Rahila. Ban taɓa tambaya ba. Amma an kira ni a matsayin masani, dattawa sun yi shiru suna saurarona, kuma abin ya yi mini daɗi. Aka jona na'urar, na yi ta nuna musu wasa bayan wasa da farashinsa, ina bayani kamar ina aji. Da aka haɗa, kuɗin ya ɗara na babur.

Nasiru, autan Alhaji a maza, wanda ya gama makaranta bai sami aiki ba, shi ne ya gaji son gem. Babur ɗin a rabonsa ya faɗo. Ya ce a ba yayansa babur, shi a ba shi na'urar da abin da ke cikinta, zai buɗe gidan gem. Kafin malam ya rufe magana, ya juyo ya dube ni ya ce, "Tica, ka tabbata?" Na ce ya ɗauka, ba zai yi nadama ba.

Ya kama shago, ya sayi benci, ya yi fenti. Bai daɗe da buɗewa ba na'urar ta nemi a tabbatar da mai asusun, ta ce ta tura lamba zuwa wayar Alhaji. Layin Alhaji kuwa tun rasuwarsa ba wanda ya taɓa, an rufe shi an ba wani. Muka kira, wata mata ta ɗauka daga wata jiha, ta ɗauka 'yan damfara ne, ta zage mu tas da yaren da ba mu ji. Na zauna na rubuta wa kamfanin da Turancin da nake ajiyewa don manyan ranaku, na haɗa da takardar shaidar mutuwa. Suka amsa da ladabi. Sun yi mana ta'aziyya. Sannan suka ce marigayin bai sayi wasanni ba, izinin bugawa ya saya, izinin kuma nasa ne shi kaɗai, ba a sayarwa, ba a bayarwa, ba a gada, kuma duk wannan yana cikin yarjejeniyar da ya amince da ita. Yarjejeniyar nan ni na danna masa amincewa, da yatsana, ban karanta ko layi ɗaya ba. Ni da na karanta littattafan da masu rubuta su ma sun manta da su.

'Yan'uwansa suka ce rabo ya riga ya wuce, babur ma an sayar. Na'ura ba wasa a ciki ba ta riƙe shago, ya rufe. Na je na same shi, na ce zan riƙa ba shi wani abu daga albashina har ya kai kuɗin babur. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Tica, Baba ya ɗauke ka ɗan'uwa, ba zan karɓi kuɗinka ba. Amma don Allah ka bar zancen nan, ina so in riƙa gaishe ka." Yanzu yana awon citta a siton yayansa, ana biyansa kamar kowane ma'aikaci. Idan muka haɗu yana gaishe ni, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali, kuma ba ya ƙara ko kalma ɗaya a kai. Na daina bin layin siton.

To, da kika ce shagon cikin wasa, ban ji muryarki ba. Amsar kamfanin nan na gani, da ta'aziyyarta.

Ga shawarata, ki ɗauki wadda za ki iya. Idan haya kuke bayarwa, ku rubuta haya, da manyan baƙaƙe, a wurin da yatsa yake dannawa, ba a shafi na ƙarshe ba. Ku rubuta da harshen da mutum yake ciniki da shi a kasuwa. Idan kuna taro, ki tambaye su abin da zai rage wa ɗan mutum in mutumin ya mutu. Za su yi dariya, domin yawancinsu ba su taɓa zama a zauren rabon gado ba. Ki bari su gama, ki sake tambaya. Akwatin sa'a kuma, wanda mutum zai biya bai san abin da ke ciki ba, caca ce da ta sa kayan zuwa sujada, kuma kin san yawancin wayoyin da ke hannun yara a unguwarmu na iyayensu mata ne, da kuɗin kasuwa a ciki. In kin iya hana shi ki hana. In ba ki iya ba, kada ya zama ke kika zaɓa masa launi.

Ban ce ki ajiye aiki ranar da suka ƙi jin maganarki ba. Na san kuɗin haya a Legas, na kuma san yawan ƙawayenki da ke zaune a gida da takardunsu a leda. Za ki sha kaye a wasu tarukan. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za ki daina jin cewa kaye ne.

Wanda ya fi duka kuwa bai shafi gem ba. Za a kira ki masaniya, domin kin yi karatu kuma kina aiki a Legas. Idan kin dawo Kirsimeti gwaggonninki za su miƙo miki wayoyinsu su tambaye ki ko su sa kuɗi a nan ko a can. Idan ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba. Za ki ɗan ji kunya ta rana ɗaya. Ni na guje wa kunyar rana ɗaya a zauren Alhaji, ga shi ina zagaye layi guda a garin da aka haife ni.

Ra'ayina game da sana'arku bai canja ba, kada ki ɗauka tsufa ya sa na yi laushi. Har gobe ina ganin an ɗauki abin da muke yi don mu huta an mai da shi wurin tatsa. Amma Mamanki, wadda ba ta taɓa riƙe hannun gem ba sai don ta share ƙarƙashinsa, ta ce mini da safen nan, "Baban Rahila, yarinya ta durƙusa a gabanka ka bar ta a ƙasa. Kamfanin ne ya durƙusa ko 'yarka?" Ta kuma ce ba za ta kira ki a madadina ba, wanda ya ɓata shi zai gyara.

Don haka ga abin da ya kamata ki ji a kan tabarmar nan. Ubangiji ya tsare ki a hanya da cikin gida. Ya ba ki lafiya, da maƙwabta na kirki, da shugaban da ke biyan albashi a kan lokaci. Ya sa albarka a aikin hannunki, ya ba ki ido ki ga mutumin da ke ɗaya gefen wayar, da baki ki yi magana dominsa. Ya kiyaye ki daga mugunta, ta wasu da taki. Ya dawo mana da ke lafiya. Cikin sunan Yesu, amin.

Fushin nan da kaina nake yi, na sauke shi a kanki a gaban mutane. Na yi kuskure, Rahila. Idan na kira, ki ɗauka.

Babanki,
Yohanna